Tambaya: Shin garehul yana da wani maiƙo da ya isa a lissafa shi a abincin ƙasa?

Ɗalibar Aliero:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina karatun aikin gona, kuma binciken da aka ba ni na kammala karatu ya shafi hanyoyin da mutanen Jihar Kebbi suke samun maiƙo a abincinsu na yau da kullum. Malamina ya umarce ni da in fara da jadawalin ma'aunin abinci na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, domin in ga yadda ake auna irin wannan abu a matakin ƙasa kafin in sauko kan jiha.

A cikin jadawalin na tarar an ware wa garehul, wato wani babban nau'in dangin lemo, layinsa daban, ba a haɗa shi da lemon zaƙi ko lemon tsami ba, kuma an ba shi gurbin da ke nuna giram nawa na maiƙo yake ba kowane mutum a rana. Na duba ƙasashe da dama, sai na ga adadin bai wuce 0.00 ko 0.01 ba a mafi yawansu. Tambayata kashi biyu ce. Da farko, ta yaya ake samo wannan adadi, kuma shin sifilin yana nufin garehul ba shi da maiƙo ko kaɗan ne, ko kuwa yana nufin mutanen ƙasar ba su shan sa? Na biyu, idan har abin bai taka kara ya karya ba, me ya sa babbar hukuma irin wannan take ɗawainiyar lissafa shi, kuma ya dace in sa shi a rubutuna ko in tsallake shi? Ina roƙon masu ilimin wannan fanni su haska mini. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malamin Gona, Zuru:

Wa'alaikumus salam. 'Yata, kin yi tambayar da ta dace, domin wanda ya fahimci yadda aka haifar da wannan ƙaramin adadi ya fahimci yadda jadawalin yake aiki gaba ɗayansa.

Hukumar tana da alƙaluman ƙasashe tun daga shekarar 1961, kuma hanyar lissafin ɗaya ce ga kowane amfanin gona, gero ne ko garehul. Ana haɗa abin da ƙasa ta noma a shekara da abin da ta shigo da shi daga waje, a daidaita da abin da aka ajiye ko aka fitar daga rumbuna, sannan a cire abin da aka sayar wa ƙasashen waje, da abin da aka ba dabbobi, da iri, da abin da masana'antu suka juya zuwa wani abu, da wanda ya lalace a hanya ko a wurin ajiya. Abin da ya rage shi ake ɗauka a matsayin abincin mutane. Sai a raba shi da yawan jama'ar ƙasar, a sake raba shi da kwanakin shekara, daga nan a juya nauyin zuwa kalori da furotin da maiƙo bisa sanannen abin da ke cikin kowane irin abinci.

To, tsokar garehul kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ce, kuma a kowane giram 100 maiƙon da ke ciki kimanin giram 0.1 ne. Ki ɗauka cewa a wata ƙasa rabon kowane mutum kilo ɗaya ne na tsokar garehul a shekara. Maiƙon da ke cikin wannan kilo giram ɗaya ne tak, kuma idan kika raba giram ɗaya a kan kwanaki 365, za ki sami kimanin 0.003. Jadawalin da ke tsayawa a lamba biyu bayan ɗigo ba shi da yadda zai yi face ya rubuta 0.00. Kafin adadin ya kai a rubuta 0.01, sai rabon kowane mutum, har da jarirai da tsofaffi, ya kusanci kilo biyu na tsoka a shekara, kuma kada ki manta cewa garehul ɓawonsa kauri gare shi, wani babban ɓangare na nauyin da aka auna a kasuwa zubar da shi ake yi. Saboda haka sifilin da kika gani zai iya fitowa daga ƙasar da ba a shan garehul ko kaɗan, zai kuma iya fitowa daga ƙasar da ake shan sa daidai gwargwado. Layin maiƙo ba zai bambance miki su ba. Layin da ke nuna kilo nawa ne rabon mutum a shekara shi za ki duba.

Dalilin lissafa shi kuwa, ba don wani ya zaci garehul tushen maiƙo ne ba. Jadawalin tsari ɗaya ne da aka shimfiɗa wa dukkan ƙasashe da dukkan abinci, kowane layi da gurabensa iri ɗaya, domin idan aka tara su daga sama zuwa ƙasa jimillar ta fito daidai, kuma a iya kwatanta Najeriya da Masar ko da Birazil ba tare da an canza ma'auni ba. Garehul ya sami layinsa ne saboda kaya ne da ake fataucinsa tsakanin ƙasashe, da ɗanyensa da ruwansa. A layin nan ana haɗa shi da ɗan'uwansa fomelo, wanda shi ne ya sa ƙasar Sin take da fiye da rabin abin da ake nomawa a duniya, sai ƙasashe irin su Biyetnam da Mekziko da Afirka ta Kudu da Amurka. Asalinsa ma daga tsibirin Barbados ya fito a ƙarni na 18, inda lemon zaƙi da fomelo suka yi barbara.

Akwai wani abu da ya kamata ki kula da shi game da ƙasarmu. Najeriya tana noma dangin lemo da yawa, musamman a Binuwai da Nasarawa da jihohin kudu maso yamma, amma a alƙaluman hukumar ana zuba mafi yawansa a rukunin sauran dangin lemo, ba a rarrabe shi kala-kala ba. Wannan yana nufin ɗan garehul ɗin da wani manomi ya tsinka a lambunsa ya kai kasuwa ba lallai ne ya bayyana a layin garehul ba. Ko da ya bayyana, lissafin da na yi miki a sama bai canza ba.

Shawarata ita ce ki ambace shi a jimla biyu ko uku a matsayin misalin yadda ake karanta jadawalin, sannan ki mai da ƙarfinki kan layukan da ke ɗauke da nauyi: manja, man gyaɗa, gyaɗar kanta, da kuma hatsi. Na ce hatsi da gangan, domin ɗalibai da yawa suna tsallake shi. Gero yana da maiƙo kusan giram 5 a cikin 100, masara kimanin 4, dawa kimanin 3, ita kuwa shinkafar da aka goge ba ta kai giram ɗaya ba. Ƙaramin adadi ne a ido, amma mutumin da ke cin tuwo da fura safe da dare yana tara giram masu yawa daga nan ba tare da ya taɓa kwalbar mai ba. Wannan maiƙo na gero ne yake sa garinsa saurin yin ɗaci idan ya kwana biyu a ajiye, kuma wani sashe nasa yana tafiya da dusa a wurin surfe. A jihar da shinkafa take ƙara mamaye tukunya kamar tamu, wannan batu ya cancanci babi guda a bincikenki.

Ma'aikaciyar Lafiya, Argungu:

Baba ya gama magana a kan lissafi, Allah ya ƙara masa lafiya. Ni zan ɗora ne daga ɓangaren jikin ɗan'adam, ƙanwata, domin ina jin tsoron kada mai karanta wannan zaure ya tafi da fahimtar cewa ƙarancin maiƙo a abinci alheri ne a kowane hali. Wannan magana ce da ta zo mana daga ƙasashen da matsalarsu ƙiba ce, kuma ko da yake ƙiba da hawan jini da ciwon suga sun fara yawa a biranenmu, abin da nake gani a ɗakin awon yara ya sha bamban.

Giram ɗaya na maiƙo yana ba da kalori 9, alhali sitaci da furotin kowannensu 4 yake bayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada maiƙo ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da babban mutum yake samu daga abinci, amma masana sun kuma sa iyaka ta ƙasa, wato kada ya gaza kashi 15, ga matan da ke shekarun haihuwa kuma kada ya gaza kashi 20. Ga mai buƙatar kalori 2,000 a rana, kashi 15 ɗin nan ya kama kimanin giram 33. Idan da garehul kaɗai za a nemi wannan, sai mutum ya sha kilo 33 na tsokarsa a yini guda, alhali babban cokali ɗaya na man gyaɗa yana ɗauke da kusan giram 14.

Bitamin A da D da E da K ba su narkewa sai a cikin maiƙo, don haka yaron da aka ba miyar zogale ko kabewa ba tare da ɗigon mai ba, jikinsa ba zai amfana da su yadda ya kamata ba. Shi kansa jan garehul yana da sinadaran da ke ba shi wannan launi, kuma su ma jiki ya fi tsotse su idan an haɗa da abinci mai maiƙo. Nonon uwa kusan rabin ƙarfinsa daga maiƙo yake fitowa. Matsala tana farawa ne a lokacin yaye, inda ake sauya wannan da koko tsararo wanda yake cika ƙaramin cikin yaro da ruwa, ya ƙoshi a ido amma bai sami abin da zai gina jikinsa ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 66 cikin 100 na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a lokacin da matsakaicin ƙasa yake kashi 37. Tsumburewa tana da dalilai da yawa, akwai gudawa da zazzaɓi da rashin tsabtataccen ruwa da lafiyar uwa tun tana da ciki, ban ce maiƙo kaɗai ne ba. Sai dai duk wanda ya ga yadda madarar gyaɗar da muke ba masu tamowa take tayar da yaro, ƙaramar leda mai giram 92 da ke ɗauke da kalori 500, ya san gyaɗa da mai ba abin rainawa ba ne. Abin da muke koya wa iyaye mata kullum shi ne su zuba ƙaramin cokali na man gyaɗa ko manja ko niƙaƙƙiyar gyaɗa a kunun yaro, su kuma tsince gyaɗar da ta yi fumfuna su zubar, domin gubar da ke cikinta tana cutar da hanta.

Game da garehul ɗin kansa, amfaninsa yana wani wuri daban. Yana da bitamin C sama da miligiram 30 a giram 100, ga ruwa, ga ƙarancin kalori. Maganar da ke yawo a wayoyi cewa yana ƙone kitsen jiki tsohuwar magana ce da ta samo asali a Amurka tun shekarun 1930, kuma ba ta da hujja. Wanda ya rame da irin wannan tsarin cin abinci ya rame ne don ya rage abin da yake ci.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗuwarsa da magani. A 1989 wasu masu bincike a Kanada suna gwada maganin hawan jini mai suna felodifin, suka yi amfani da ruwan garehul a gwajin, sai suka ga maganin ya taru a jinin mutanen fiye da ƙima. Daga baya aka gano cewa wasu sinadarai da ke cikinsa suna dakatar da aikin wani sinadarin hanji da ke rage ƙarfin magunguna kafin su shiga jini. Wannan ya shafi nifedifin, wanda ake yawan ba masu hawan jini a nan, da simbastatin na rage kitsen jini, da wasu da dama. Duk mai shan magani na dogon lokaci ya tambayi likita ko mai haɗa magani kafin ya mai da garehul abin shansa. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem kuwa, takardarsa ta ce a guji ruwan garehul, ta kuma ce a sha shi da madara ko abinci mai maiƙo, domin ɗaya daga cikin sinadaransa biyu ba ya shiga jiki sosai idan ciki babu mai.

Mai Fataucin Mai, Jega:

Ina gaida Baba, ina gaida Hajiya. Ni ba ɗan boko mai zurfi ba ne, sana'ata sayar da manja da man gyaɗa ce, amma ina ganin akwai abin da zan ƙara wa ɗiyarmu wanda ba ta samunsa a takarda.

Jadawalin da kuke magana a kansa yana raba abincin ƙasa ne daidai wa daida a kan kowa, kamar an zuba shi a ƙwarya ɗaya an miƙa wa kowa ludayi guda. A kasuwa ba haka abin yake ba. Manja daga kudu yake zuwa mana, ya ci kuɗin mota da na hanya kafin ya iso Jega, don haka matar da ke Edo ko Akwa Ibom, wadda bishiyar take bayan gidanta, ba za a ce rabonta ɗaya da matar da ke ƙauyen Dandi ko Arewa ba. Kuma Najeriya, ƙasar da a farkon shekarun 1960 take kan gaba a duniya wajen manja, yau shigo da shi take yi, Indunusiya da Maleshiya suna riƙe da fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da ake samarwa, wanda ya sa duk lokacin da dala ta motsa sai farashin jarka ya motsa. Ina ganin masu saye da idona: wadda take ɗaukar kwalba ta koma rabin kwalba, wadda take ɗaukar rabi ta koma ƙulli a leda na miyar rana ɗaya.

Sannan akwai man da ba ya biyowa ta hannunmu sam. Matan da ke soya gyaɗa a gida su matse mai su yi ƙuli-ƙuli, da man shanun da Fulani suke kawowa tare da nono, da man kaɗe da ake yi a ƙasar Zuru da Yawuri, da riɗi, da aya, da kitsen da mahauci yake ƙarawa a kan nama, da kifin da ake kamawa a gulbin Argungu da kogin Kwara, musamman tarwaɗa mai maiƙo. Yawancin wannan a gida ake cinye shi ko a kasuwar ƙauye, babu rasiti, babu mai rubutawa. Garehul kuwa, gaskiya ba kayan kasuwarmu ba ne. Lemon zaƙi da tanjarin ake saukewa daga motocin Binuwai idan lokacinsu ya yi, sai lemon tsami. Idan ɗiyarmu tana neman 'ya'yan itace masu maiƙo na gaske, ta dubi kwakwa da fiya, su ma baƙi ne a nan.

Ɗalibar Aliero:

Na gode ƙwarai, Baba, Anti, da Alhaji. Yanzu na fahimci cewa sifilin sakamakon taƙaita lamba ne, kuma jadawalin yana nuna abin da ke akwai a ƙasa ne, ba abin da ya shiga bakin mutum ba. Saura abu ɗaya nake neman ƙarin haske a kai. Tunda alƙaluman na ƙasa ne baki ɗaya, kuma Alhaji ya nuna cewa yawancin man da ake ci a ƙauyukanmu ba ya shiga rubutu, ta wace hanya zan samo adadin da ya dace da Kebbi ba tare da na yi wa jihar ƙarya da matsakaicin Najeriya ba?

Tsohon Malamin Gona, Zuru:

'Yata, jadawalin hukumar ba zai ba ki Kebbi ba, domin ba don haka aka yi shi ba. Ki yi amfani da shi wajen nuna yadda manyan hanyoyin samun maiƙo suka sauya a Najeriya daga 1961 zuwa yau, amma ki lura cewa an sabunta hanyar lissafin ga alƙaluman da suka fara daga 2010, saboda haka kada ki haɗa tsofaffin da sababbin a layi guda ba tare da kin yi bayani ba. Bayan haka ki nemi rahoton binciken cin abinci da ƙananan sinadarai na ƙasa da aka gudanar a 2021, wanda ya tambayi mutane abin da suka ci da bakinsu, ya kuma rarraba sakamakon shiyya-shiyya. Na arewa maso yamma ya fi kusa da halinmu fiye da matsakaicin ƙasa.

Sauran aikin kuwa naki ne da ƙafarki. Ki zaɓi gidaje a wurare mabambanta, na bakin gulbi da na tudu, na gari da na ƙauye, ki tambayi mai girki abin da ta dafa tun daga safiyar jiya har dare, ki kuma tafi da ƙaramin sikeli ki auna cokali da gwangwani da ƙullin da take amfani da su, domin ita ba da giram take magana ba. Ki tambayi mutum nawa suka ci daga tukunyar, da wa aka fara zuba wa, da abin da aka saya a waje irin su ƙosai da awara da masa, waɗanda sukan ɗauki mai fiye da miyar gida. Ki yi wannan sau biyu, da kaka lokacin da gyaɗa take arha, da kuma tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ki ware yara 'yan wata 6 zuwa 23 a lissafi na daban kamar yadda maganar Hajiya ta nuna, kuma a gurbin 'ya'yan itace ki sa mangwaro da gwaiba da kankana da lemo, ki bar wa garehul layi ɗaya a ƙasa ko da amsar kowane gida za ta zama babu.